Yitang Zhang da Tarihin Farautar Tagwayen Lambobi

Lambar firam ita ce lambar da ta haura 1 wadda babu abin da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka har gaba. Kowace lamba daga ninka waɗannan ake samunta, kamar yadda 60 take 2 sau 2 sau 3 sau 5, shi ya sa masana lissafi suka ɗauke su tushen ƙirge baki ɗaya. Tun wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Euclid na Iskandariya ya kawo hujjar cewa ba su da ƙarshe. Bayansa da kaɗan Eratosthenes ya fito da dabarar tsamo su: a jera lambobi, a soke duk wadda 2 ke rabawa ban da 2 kanta, a soke wadda 3 ke rabawa ban da 3, a bi da 5 haka nan, abin da ya tsira shi ne firam. Wannan dabara ake kira rariya, kuma duk rariyoyin da aka ƙirƙiro daga baya jikokinta ne.

Firam suna ƙaranci yayin da ake nisa cikin ƙirge. Daga 1 zuwa 100 akwai guda 25, daga 901 zuwa 1000 kuwa 14 ne kacal. Duk da haka, jefi-jefi akan ci karo da biyu da tazararsu 2 ce kawai, kamar 11 da 13, ko 17 da 19, ko 101 da 103. Su ake kira tagwaye. Tambayar ita ce ko tagwayen nan suna ƙarewa a wani wuri, ko kuwa su ma ba su da iyaka. Akan ce Girkawan da ne suka fara yin ta, amma babu rubutun da ya tabbatar da haka. Abin da ke rubuce shi ne hasashen Bafaranshe Alphonse de Polignac na 1849, wanda ya ce kowace lamba mai rabuwa biyu, 2 ko 4 ko 6 ko ma wacce, tana zama tazara tsakanin firam biyu maƙwabta sau ba adadi.

Daga 1737 zuwa 1923: kafuwar fannin

Fannin da ya rungumi irin wannan tambaya shi ne nazarin lambobi ta hanyar kalkulas, wato amfani da lissafin abubuwa masu canzawa a hankali don gano halin lambobi cikakku, waɗanda su tsalle suke yi daga ɗaya zuwa ɗaya. Euler ne ya share fage a 1737, da ya nuna cewa idan aka yi ta tara 1/2 da 1/3 da 1/5 da 1/7, a bi duk firam, jimlar ba ta tsayawa, sai dai ta yi ta hawa. A 1837 Dirichlet ya tabbatar da cewa jeri irin su 3, 13, 23, 33, 43, mai tafiya da taku iri ɗaya, yana ɗauke da firam marasa iyaka muddin babu lambar da ke raba mafarinsa da takunsa tare sai 1. Yawanci daga wannan aiki ake ƙirga haihuwar fannin. Riemann ya biyo a 1859 da gajeriyar takardar da ta ɗaure rabon firam da wani aikin lissafi mai suna zeta, sannan a 1896 Hadamard da de la Vallée Poussin, kowa a nasa gefen, suka kafa ƙa'idar yawan firam. Abin da take cewa a taƙaice: matsakaiciyar tazarar da ke tsakanin firam tana faɗaɗa ba iyaka, amma a hankali. A yankin lambobi masu alƙaluma 100, tazarar kan kai kimanin 230.

Nan wahalar take. Idan matsakaiciyar tazara tana ƙaruwa har abada, me zai sa a ci gaba da samun biyu da suka manne da juna?

Mutumin farko da ya taɓa tagwayen da hujja ta gaske shi ne Viggo Brun na ƙasar Norway. A 1919 ya gyara rariyar Eratosthenes ya nuna cewa jimlar irin ta Euler, idan tagwaye kaɗai aka ɗauka, tana tsayawa ba ta zarcewa. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya sa ta kusan 1.902. Wannan ya nuna tagwaye ba su da yawa, amma bai ce sun ƙare ba. (Garin ƙididdige wannan jimla ne wani malamin lissafi a Virginia, Thomas Nicely, ya gano a 1994 cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana kuskuren rabawa, abin da ya ja wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475.) A 1923 Hardy da Littlewood na Ingila suka yi hasashen yawan tagwayen da ya kamata a samu ƙasa da kowace lamba. Ƙirgen kwamfuta ya yi ta dacewa da hasashen nasu, sai dai ƙirge komai tsawonsa ba hujja ba ne.

Makarantar ƙasar Sin da haihuwar Zhang, 1936 zuwa 1984

Fannin ya shiga ƙasar Sin ta hannun Hua Luogeng, wanda ya je Cambridge a 1936, ya koyar a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, ya koma gida a 1950 ya tara almajirai. Fitacce a cikinsu shi ne Chen Jingrun. A 1966 Chen ya sanar da sakamakon da har yau ake kira da sunansa: akwai firam marasa iyaka waɗanda idan an ƙara musu 2 za a sami ko dai firam, ko lambar da firam biyu kacal suka haifa. Saura taku ɗaya a kai ga tagwaye. A shekarar ce Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke, mujallun kimiyya suka tsaya, Chen ya sha tsangwama, cikakkiyar hujjarsa ba ta fito ba sai 1973.

Yitang Zhang na cikin yaran da wannan guguwa ta katse wa karatu. An haife shi a Shanghai a 1955, ya yi ƙuruciya a hannun kakarsa, daga baya ya bi iyayensa Beijing, inda mahaifinsa ke koyar da injiniyancin lantarki. Ana ba da labarin cewa yana ɗan shekara tara ya gano hujjar ƙa'idar Pythagoras da kansa. Daga bakinsa labarin ya fito, babu wata shaida ban da wannan. Da aka fara tura masu ilimi ƙauye aikin gona, shi da mahaifiyarsa suka tafi, bai sami yin sakandare yadda ya kamata ba. Bayan ya dawo birni ya yi aiki a masana'antar kwaɗo, yana karatu da kansa da duk littafin da ya faɗo hannunsa.

An dawo da jarrabawar shiga jami'a a 1977. A farkon 1978 wani dogon rahoto da marubuci Xu Chi ya yi a kan Chen Jingrun ya mai da masanin lissafin gwarzon ƙasa, matasa da dama suka karkata ga fannin. A wannan shekara Zhang ya shiga Jami'ar Peking yana da shekara 23. Ya gama digirin farko a 1982, na biyu a 1984 a ƙarƙashin Pan Chengbiao, ƙwararre a nazarin lambobi. A wurinsa ya koyi sarrafa rariya da ƙiyasin jimloli, kayan aikin da zai koma wa bayan shekara kusan talatin.

Purdue da shekarun ɓata, 1985 zuwa 1999

A farkon 1985 ya isa Jami'ar Purdue a jihar Indiana ta Amurka don digirin digirgir. Shugabanninsa a Peking sun ga ƙasar ta fi bukatar masana a wani reshe, lissafin siffofi ta hanyar aljabara, don haka aka haɗa shi da Farfesa Tzuong-Tsieng Moh, ya yi aiki a kan hasashen Jacobian, matsalar da ta yi ƙaurin suna wajen kayar da masu ikirarin warware ta. Ya kammala a ƙarshen 1991 ba tare da ya wallafa komai daga kundinsa ba.

Abin da ya shiga tsakaninsa da malaminsa, bakin biyun bai zo ɗaya ba. Zhang ya ce bai sami takardar shaida daga gare shi ba. Moh ya rubuta daga baya cewa ɗalibin bai taɓa zuwa ya nema ba. Abin da babu gardama a kai shi ne sakamakon. A tsarin jami'o'in Amurka, sabon dakta da ba shi da takardar malaminsa kuma ba shi da wallafa kusan ba shi da ƙofar shiga, ga shi lokacin kasuwar aikin ta cunkushe da masanan da suka kwararo bayan rushewar Tarayyar Soviet. Zhang ya shafe shekara bakwai a wajen jami'a. Ya yi aikin kai abinci a New York, ya yi aiki a wani masauki a Kentucky, ya riƙe wa wani abokinsa littafin kuɗi a shagon Subway, wani lokaci har da haɗa wa masu saye burodi. Akwai rahotannin da ke cewa ya taɓa kwana a mota na wani ɗan lokaci. A duk tsawon shekarun nan yana zuwa laburaren Jami'ar Kentucky yana bin mujallun nazarin lambobi.

A 1999 tsofaffin abokan karatunsa na Peking suka sa baki, cikinsu har da Ge Liming da ke koyarwa a Jami'ar New Hampshire. Shugaban sashen lissafi na lokacin, Kenneth Appel, wanda ya yi suna da hujjar ƙa'idar launuka huɗu a 1976, ya ɗauke shi lakcara. Muƙami ne na koyar da 'yan aji ɗaya kalkulas, albashi kaɗan, babu tabbacin dindindin, kuma babu mai tambayarsa bincike. Wannan na ƙarshe ya yi masa rana. Wanda ke neman a tabbatar da shi farfesa dole ya riƙa fitar da takardu a kai a kai, saboda haka yakan guji matsalar da za ta iya cinye shekara biyar ba a ga komai ba. Zhang ba shi da wannan takura. A 2001 ya wallafa takarda guda a mujallar lissafi ta Duke a kan aikin zeta na Riemann. A 2007 ya saki wani daftari a intanet a kan wata babbar matsala ta daban, aka sami ɓaraka a cikinsa, ba a buga shi ba.

Yadda aka matso, 1940 zuwa 2005

A gefe guda, wasu suna ta rage tazara. Da yake tagwaye sun gagara, sai aka sassauta tambayar: shin akwai firam maƙwabta marasa iyaka da tazararsu ta gaza matsakaiciya sosai? Paul Erdős ya nuna a 1940 cewa akwai waɗanda suka gaza ta da wani kaso. Bombieri da Davenport suka kai ƙasa da rabinta a 1966, Helmut Maier ya kai kusan rubu'i a 1988. A 2003 Daniel Goldston na Amurka da Cem Yıldırım na Turkiyya suka sanar da cewa kason zai iya ƙanƙancewa yadda ake so, sai Granville da Soundararajan suka gano kuskure a hujjar. Da János Pintz na Hungary ya shigo, su uku suka gyara ta a 2005.

Dabarar su ukun ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. A ɗauka akwai igiya mai ƙulle-ƙulle a wurare zaɓaɓɓu, ana jan ta a kan layin lambobi taku ɗaya-ɗaya, kowane taku a duba ƙulli nawa ne ya sauka a kan firam. Idan aka nuna cewa sau ba iyaka ƙulli biyu suna sauka a kan firam a lokaci guda, to an sami firam biyu da tazararsu ba ta wuce tsawon igiyar ba. Aikin rariya shi ne ta ba wuraren da ake kyautata wa zato nauyi mai yawa, sauran ta rage musu. Don lissafin ya fita, dole a san cewa firam sun rarrabu daidai wa daida a cikin jeri irin na Dirichlet, har da masu taku mai faɗi ƙwarai. Ƙa'idar Bombieri da Vinogradov ta 1965 ta ba da wannan tabbaci, a matsakaici, har zuwa matakin da ake auna shi da rabi. Goldston da abokansa suka gano cewa rabi cif bai isa ba, amma da za a haura shi ko da ƙiris, an sami tazara mai iyaka. Idan kuwa hasashen Elliott da Halberstam na 1968 gaskiya ne, tazarar za ta sauko 16.

Ƙiris ɗin nan ya tsaya wa kowa a wuya. Ƙwararrun fannin sun yi taron bita a California a kan batun, suka watse da ra'ayin cewa kayan aikin da ke hannu ba za su kai ba. Zhang bai halarta ba.

2010 zuwa 2013: miliyan 70

Wajen 2010 ya duƙufa a kan matsalar shi kaɗai. Yadda shi ya ba da labari, mafita ta zo masa ne ranar 3 ga Yulin 2012, a bayan gidan wani abokinsa a jihar Colorado, yana zagayawa yana jiran ko barewa za su fito. Jaridu sun so wannan labari ƙwarai, kuma ya sa mutane da yawa sun ɗauka abin wahayi ne na minti talatin. Takardar da kanta ba ta nuna haka ba. Shafukanta cike suke da ƙiyasi mai wuya, irin wanda sai wanda ya ƙoshi da aikin magabata zai iya.

Abu biyu ya haɗa. Na farko, ya ga ba sai an haura rabi a kan kowane irin taku ba. Ya isa a taƙaita ga takun da ƙananan firam kaɗai suka gina su, domin irin waɗannan ana iya farfasa su yadda ake so. Motohashi da Pintz sun riga sun lura da cewa wannan taƙaitawa za ta wadatar, amma ba su sami hanyar tabbatar da rabon ba. Na biyu, a kan waɗannan takun ya ɗauko dabarun da Fouvry da Bombieri da Friedlander da Iwaniec suka gina a shekarun 1980, ya haɗa da ƙiyasin da ya samo asali daga aikin Pierre Deligne na shekarun 1970 a lissafin siffofi ta aljabara, reshen nan da aka tura shi Purdue ya karanta ba da son ransa ba. Da haka ya haura rabi da 1/584. Ya ɗauki igiya mai ƙulli miliyan uku da rabi, tsawonta bai kai miliyan 70 ba.

Ya aika takardar ga Annals of Mathematics, mujallar da ke fitowa daga Princeton, ranar 17 ga Afrilun 2013, yana da shekara 58. Appel ya rasu bayan kwana biyu. Mujallar kan shekara tana tantance takarda, kuma editocinta sun saba karɓar ikirari daga mutanen da ba a sani ba su mayar. Wannan kuwa a tsare take, kowane mataki a fili, cikin makonni kaɗan masu tantancewa suka ce ba su ga kuskure ba. Ranar 13 ga Mayu ya gabatar da ita a Harvard, aka karɓe ta a hukumance ranar 21 ga watan.

Wanda ba na fannin ba zai ga miliyan 70 ta yi nisa da 2. Amma kafin Afrilun 2013 babu wata lamba, komai girmanta, da aka san firam maƙwabta suna ci gaba da faɗowa cikinta har abada. Sakamakon ya kuma tabbatar da cewa aƙalla lamba ɗaya ƙasa da miliyan 70 ta cika hasashen de Polignac, ko da yake bai ce wacce ba. Zhang ya bayyana a takardar cewa bai yi ƙoƙarin matse lambar ba. Lamarin ya kuma sa aka yi ta tuno da ra'ayin Hardy na 1940, cewa bai san wani babban ci gaba a lissafi da wanda ya haura hamsin ya fara ba.

Bayan 2013

Matsewar wasu suka yi. A watan Yuni Terence Tao ya buɗe aikin gayya a intanet mai suna Polymath8, masana daga ƙasashe daban-daban suna gyara sassan hujjar a bainar jama'a, lambar tana faɗuwa kusan kullum. Kafin ƙarshen Yuli ta sauko 4,680. A watan Nuwamba James Maynard, ɗan Birtaniya mai shekara 26 da bai daɗe da gama digirinsa a Oxford ba, ya fito da rariya mai auna kowane ƙulli daban, ya sami 600 ba tare da ya haura rabi ba sam. Tao ma ya gano dabarar a lokaci guda. Wato katangar da ta tsare ƙwararru shekara takwas ana iya kewaye ta. Wannan bai rage darajar aikin Zhang ba, domin abin da ya tabbatar game da rabon firam yana tsaye da ƙafarsa, amma hanyar Maynard ce ta fi yaɗuwa: tana ba da tarin firam uku ko goma ko ɗari a cikin tazara mai iyaka, kuma tana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Fields a 2022. Zagaye na biyu na aikin gayyar ya haɗa dabarun ya kai 246 a 2014.

Masana sun san iyakar wannan hanya. Ko da an tabbatar da hasashen Elliott da Halberstam a siffarsa mafi faɗi, 6 za a samu. Dalili shi ne wani lahani da Atle Selberg ya gano a rariya tun tsakiyar ƙarni na ashirin: ba ta iya bambance lambar da firam adadin mara suka gina da wadda adadin cika suka gina. Shi ne ya tsayar da Chen Jingrun taku ɗaya kafin tagwaye. Kwamfuta dai ta ci gaba da tono su. A 2016 an sami tagwaye masu alƙaluma 388,342.

Shi kuwa Zhang, Jami'ar New Hampshire ta ɗaga shi daga lakcara zuwa cikakken farfesa a farkon 2014. Ya sami lambar Ostrowski ta 2013, ya raba lambar Cole ta 2014 da Goldston da Pintz da Yıldırım, aka ba shi lambar Rolf Schock da tallafin MacArthur na dala 625,000 a shekarar. A 2015 ya koma Jami'ar California da ke Santa Barbara. Bai shiga tseren rage lambar ba, ya koma kan matsalar da ta kayar da shi a 2007, wato sifilin Landau da Siegel: wani sifili da ake zargin zai iya ɓoyewa a ayyukan lissafi na Dirichlet, 'yan uwan aikin zeta, wanda in yana nan zai karkatar da rabon firam, kuma rashin kore shi ya bar ƙa'idoji da dama ba a iya faɗin ainihin iyakarsu ba. A Nuwamban 2022 ya saki daftari mai shafi 111 da ke ikirarin babban ci gaba a kai. Masu dubawa sun nuna wuraren da ke bukatar gyara, kuma bai sami amincewar da takardar 2013 ta samu ba. A 2025, yana da shekara 70, ya bar Amurka ya karɓi aiki a Jami'ar Sun Yat-sen da ke kudancin ƙasar Sin.